Ƙwallo Ɗaya a Gidan Mutane

Bari in fara da laifina tun kafin gwaggonku Barira ta riga ni, don na san ta sha ba ku labarin nan, kuma duk bayarwa sai ta ƙara mini hawayen da ban yi ba. Ni na kashe pil ɗin Ammi Siliman, wato batiran rediyonsa. Guda shida ne manya, sababbi fil, ya saye su ranar Laraba ya jera a kan taga saboda wasan ranar Juma'a. Ranar Alhamis na kwashe su na zuba a kaset ɗin wani abokina, muka gangara busasshiyar ƙoramar da ke bayan unguwarmu Sersouf, mu bakwai, muka yi ta rawa tun azahar har muryar mawaƙin ta koma kamar ta raƙumin da ake ɗaura wa kaya. Da na dawo sai na shanya su a rana, na ɗan ciccije su da haƙori, don yaran unguwa sun rantse mini hakan na dawo musu da ƙarfi. Na mayar da su taga yadda na same su, na goge su da bakin rigata har suna ƙyalli. Shekarata goma sha biyar, kuma a ganina babu mai wayona daga Tamanrasset har Damagaram.

Ammi Siliman shi ne mai gidan da muke haya. Ammi a Larabcin can baffa ke nan, haka kowa ke kiransa. Mutumin arewa ne, daga wani gari na bakin teku, ya yi shekaru yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Tamanrasset da Agadas har ƙarar inji ta cinye masa kunne. A hanyar nan ya tsinci Hausa, amma ya tsince ta da ƙafa ɗaya: kowa “ke” ne a wurinsa. Kakanku da gemunsa da rawaninsa, “ke” ne. Liman ma “ke” ne. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun koma arewa, ya rage daga shi sai rediyonsa sai wani farin rago da yake ciyarwa da busasshen burodi da dabino. Ragon nan ya yi ƙiba har in ya kwanta sai ya yi shawara kafin ya tashi. Da shi Ammi ke hira da safe, ya gaya masa farashin gazuwal, man kamiyo, da ciwon gwiwa.

A shekarar ƙungiyar ƙwallon garinsu ta shiga gasar kofin Afirka, wadda ƙungiyoyin ƙasashe ke karawa, a yi wasa ɗaya a gidanka ɗaya a gidan abokin karawarka. Tun da Ammi ba ya jin rediyo sai ƙuuu, ni ya ɗauka in zama kunnensa. In manna kunnena da rediyo, in juya in kwarara masa ihu da Hausa. Larabcina na wasan titi ne, rabin abin da mai sharhi ke faɗa wucewa yake ta saman kaina, amma ban taɓa barin gurbi ba. In ya ce an buga ƙwallo ta fita, ni sai in ce ta fasa gilashin jirgin sama. In ya ce gola ya kama, in ce ya kama da haƙori yana gaisawa da surukinsa a cikin 'yan kallo. Ammi ya yi ta dariya yana dukan cinya.

“Ke Lawali, rediyonki ya fi nawa daɗi!”

Maginan Nijar da ke kwana a kangon bayan gidanmu su ma sai su taru a tsakar gida ranar wasa, ba don sun damu da ƙungiyar ba, don su ji ƙaryata.

To amma bakin nan nawa ya riga ya ja mini. Wata biyu kafin nan, ina wucewa ta inda ake zuba dakali a wani gini, na ga mutanenmu wajen talatin sun duƙufa, sai shaiɗan ya ce mini in gwada muryata. Na ce, “Jandarma!” Ku da kuka tashi da takardu a aljihu ba za ku gane ba. Kafin in rufe baki babu kowa a wurin sai takalma. Wani ya haura katangar da ya gina da hannunsa, ta bi shi ta faɗi. Siminti ya bushe a ƙasa, mai aikin ya kore su duka ran nan, Habu magini ya yi sati uku yana ɗingishi. Baba bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Ya zaunar da ni a kantinsa, tsakanin atamfofi da kwalaben turare, ya yi magana a hankali kamar yana gaya wa mai saye kuɗin yadi.

“Lawali, ƙarya ɗaya ta rage maka a garin nan. Ran da ka kashe ta, motar dabino ta Litinin za ta kai ka Damagaram wurin baffanka Manzo.”

Baffa Manzo a majema yake aiki. Sau ɗaya na taɓa zuwa, ina ƙarami, kuma har yau in na tuna sai hancina ya nemi gudu ya bar fuskata. Ban da wari ma, a Tamanrasset na yi wayo, nan abokaina suke, nan Inna take. Na rantse wa Baba na daina. Sharhin ƙwallo kaɗai ya bar mini, ya ce wannan kowa ya san wasa ne.

Wasan farko na zagayen an yi shi a gidan su Ammi, suka ci ɗaya da nema. Na biyu shi ne na ranar Juma'ar nan, can wata ƙasa ta kudu inda aka ce ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ammi ya ce tun da aka haife shi ƙungiyarsu ba ta taɓa wuce wannan matakin ba. Bayan an sauko daga masallaci, a gaban Baba da magina, ya dafa kan ragonsa.

“In mun wuce yau, wannan sadaka ce. Na yi wa Allah alkawari. Ke Malam Isufu, ke za ki yanka, hannuna rawa yake.”

Baba ya ce, “Allah ya ba da sa'a, Ammi.”

Aka zuba pil, rediyo ya kama, na ce a raina ashe maganin rana gaskiya ne. Kafin hutun rabin lokaci aka zura mana ɗaya. Da aka dawo aka ƙara ta biyu. Na yi iya ƙoƙarina, na ce iska ce ta ci, na ce alƙalin wasan ƙanen matar golansu ne, amma Ammi bai yi dariya ba. Ya ciro ƙwayar maganin zuciyarsa ya sa a ƙarƙashin harshe. Saura kamar kwata a tashi, sai muryar mai sharhi ta fara nisa, kamar wanda ake zura shi rijiya da igiya. Na jijjiga rediyo. Na mare shi. Ya yi ɗan tari, ya yi shiru.

“Sababbi ne fa!” in ji Ammi. “Shekaranjiya na saye su!”

Barira, wadda ta girme ni da shekara ɗaya kuma ta ga lokacin da nake shanya, ta dube ni daga bakin madafa ta ce, “Wataƙila rana ce ta buge su.”

Ranar Juma'a ce, kantuna a rufe. Rediyon gidanmu kuwa tun watan da ya wuce na kwance shi don in gyara, alhali lafiyarsa ƙalau, kuma bai sake magana ba. Ammi ya tura ni da sandarsa.

“Ki ruga gahawa, ki jiyo! Ruga!”

Na ruga. Gudun da na yi ran nan, da ni aka sa a filin da mun rama biyun. Na isa gahawar bakin titi, shagon da maza ke shan kofi suna jin wasa, na tarar da ƙofa a garƙame, kuran, wato lantarki, ya ɗauke, mai wurin ya ja mutanensa sun tafi cikin gari. Na tsaya ina haki. Can gindin wata bishiya na hango Agali mai shayi, wani dattijon Buzu daga Abzin, da ɗan rediyo rataye a reshe. Na isa na ce masa don Allah ya kunna.

“Yanzu na kashe shi. Wani ne ya murɗo mini wurin masu ihu, ya sha shayi ya tafi. Sun gama.”

“Nawa da nawa, Baba Agali?”

“Na can sun sa biyu, na nan sun sa ɗaya. A ƙarshe-ƙarshe suka sa. Mutumin ya yi ta kururuwa kamar an sace masa raƙumi, ya hana ni jin tafasar buta.”

Biyu da ɗaya. A ƙwallon da na sani, wadda muke bugawa a ƙorama da duwatsu a madadin raga, mai biyu ya ci mai ɗaya, a tashi a tafi gida. Na ɗauka wasa na biyu shi ke shafe na farko, tun da Ammi ya ce shi ne na yanke hukunci. Ban taɓa tambayar yadda ake lissafin ba, don a lokacin gani nake wanda ya yi tambaya ya tona wa kansa asiri. Na juyo gida ina jan ƙafa, ina shirya yadda zan faɗa. Na ma shirya gaskiya, wallahi na shirya ta, har da “sai haƙuri” a ƙarshe.

Da na shiga sai na tarar da Ammi a tsaye a tsakiyar gida, ya dogara sanda. Mutum goma sha suna kallona. Tun da nake ban taɓa samun 'yan kallo masu shiru irin wannan ba. Ya kama kafaɗata ya kawo kunnensa bakina.

“Mun wuce?”

Har yau ban san ta inda maganar ta fito ba. Tsoron kada tsohon nan ya faɗi a hannuna yana ciki, ba na musu. Amma kada in yi muku ƙarya a takardar nan da na ɗau niyyar faɗin gaskiya a cikinta: akwai kuma daɗin idanun nan da ke kaina.

“Mun wuce, Ammi! Uku da biyu!”

Tsakar gida ta kaure. Da na ga haka sai na hau turmi na ba da ƙwallo ukun ɗaya bayan ɗaya. Ta farko da kai, daga tsakiyar fili. Ta biyu ɗan wasanmu ya yanke mutum bakwai har biyu suka yi karo suka suma. Ta uku golanmu ne da kansa ya taso ya ci da dunduniya, sannan ya koma ya kama wadda aka bugo masa. Ammi yana kuka yana dariya, ya sumbaci goshina, ya sumbaci Habu, ya sumbaci rago.

“Malam Isufu, kawo wuƙa!”

Nan na sauko daga turmi. Na manta da rago sam.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar layya da dutsen washi. Ya zauna a bakin ƙofa yana wasawa, bai ɗago ba ya kira ni.

“Lawali.”

“Na'am, Baba.”

“Da kunnenka ka ji?”

“Da kunnena, Baba.”

Ya ci gaba da washi. Ƙarya ɗaya aka ce ta rage mini, ga shi na kashe biyu kafin la'asar. Na fara lissafi: gobe Asabar kantuna za su buɗe, Ammi zai sayi pil, wani zai karanta masa jarida. Ko da na tsira yau, rana ɗaya na saya. In kuma na yi magana yanzu, gata ina bisa buhunan dabino. Na ce a raina bari in yi shiru, a ci nama, wataƙila kafin gobe duniya ta tashi.

Magina suka haƙa ɗan rami a gindin katanga, suka kayar da ragon, mutum huɗu da ƙyar. Ammi ya juya baya, ya ce shi ba zai iya kallo ba. Baba ya ce in zo in riƙe ƙafafun gaba. Na durƙusa na riƙe. Hannuna na dama ya sauka a ƙirjinsa, sai na ji zuciyarsa tana bugawa fat-fat-fat, daidai da tawa. Bakinsa na warin dabinon da Ammi ya ba shi da safe. Na dubi ƙeyar tsohon, na ga daga yau ba shi da wanda zai gaya wa ciwon gwiwa, kuma a kan ƙwallo ukun da ni na ci su a bisa turmi. Na dubi Baba, ya ɗaga wuƙa, ya buɗe baki zai ambaci sunan Allah a kan maganata.

“Tsaya, Baba!”

Ya tsaya, wuƙa a sama.

“Ƙarya na yi. An ci mu. Biyu da ɗaya.”

Ba wanda ya yi motsi sai rago. Baba ya sauke wuƙar a hankali ya goge ta a hannun riga, duk da ba ta taɓa komai ba.

“Ba ni za ka gaya wa ba. Ga mai rago can.”

Ku tuna Ammi kurma ne. Mutane suna tuba a asirce, su yi ƙasa da murya, a rufa musu. Ni sai da na ɗaga murya yadda har masu shanya a soron maƙwabta suka leƙo.

“Ammi, ƙarya na yi!”

“Eh? Wa ya karye?”

“Ƙarya! Ni! Ban ji uku ba! Kuma ni na kashe pil!”

“Pil? Bar pil, gobe a saya.”

“An ci mu, Ammi! Biyu da ɗaya!”

Daga madafa na ji Inna ta ce, “Barira, ɗauko mini jakar nan ta bisa kabad.” Muryarta ba ta rawa, amma na ji ta ja hanci.

Ammi ya daɗe yana kallona. Na jira sanda. Sai na ga ya ɗaga hannuwansa biyu a gaban fuskarsa. Ya miƙe yatsa ɗaya a dama. Ya miƙe biyu a hagu. Ya koma dama ya ƙara ɗaya. Leɓensa na motsi.

“Ɗaya? Kin ce mun sa ɗaya? A can? A gidansu?”

“Ɗaya tak, Ammi. Ka yi haƙuri.”

“Jaka, 'yar jaki! Jakar Allah! Ƙwallon gidan mutane biyu ce! In an yi daidai, wanda ya ci a gidan mutane shi ya wuce! Mu mun sa a gidansu, su ba su sa a gidanmu ba!”

Ya jefar da sanda ya fara wata rawa da gwiwar da ya ce ba ta lanƙwasuwa. Ni dai ina durƙushe, ban gane komai ba sai cewa an zage ni da murna. Habu ya ce, “Kai, wannan wane irin lissafi ne? A wurin aiki bulo ɗaya ɗaya ne ko a gidan wa ka ɗora shi.”

Baba ne ya tsayar da rawar. Ya matsa kusa da kunnen Ammi.

“Ammi, dakata. Wa ya ce an sa ɗayar?”

Ammi ya nuna ni.

“To. Wanda ya ce uku ɗazu.”

Kowa ya juyo ya dube ni. Ƙwallo ɗayar nan ita kaɗai ce gaskiyar da na faɗa tun safe, ita ce kuma ba mai saye. Na rantse da Allah, na rantse da kabarin kakata, na ce a tambayi Agali. Habu ya ce shi zai je da ƙafarsa, har da wadda na gurgunta. Aka bar rago a ɗaure yana kallon sama, aka yi la'asar a tsakar gida. A sujada na roƙi abin da ban taɓa roƙo ba: Allah ya sa Buzun nan ya iya ƙirga.

Habu ya dawo da Agali, rediyo a hammata, ransa a ɓace don an raba shi da butarsa. Baba ya gaishe shi ya tambaye shi.

“Biyu da ɗaya na ji,” in ji Agali. “Ko ɗaya da biyu. Wa ke da wanne, wannan ban riƙe ba. Yaron nan ya zo yana haki, na ba shi abin da ya sawwaƙa.”

Aka ce to a kunna rediyonsa a jira labarai. Sai tambaya ta taso, wa zai saurara? Ammi ba kunne. Larabcin Baba na ciniki ne, daga “nawa” sai “rage mini”. Ni kuwa ko na ji an ce gobe Asabar ba mai yarda. Aka kira Barira, don ita ke zuwa lekkol, wato makarantar boko, Larabcinta irin na littafi. Ta fito tana goge hannu, ta zauna a kujerata, ta ɗora rediyo a kunne, ta dube ni ta yi murmushin da har yau ban yafe ba.

Labaran nan, ban taɓa jin masu tsawo kamarsu ba. Aka yi taron ministoci. Aka buɗe wata madatsar ruwa. Aka faɗi zafin kowane gari ɗaya bayan ɗaya, har garuruwan da na tabbata ba kowa a cikinsu. A ɗaki ina jin Inna tana ninke rigunana, tana kaɗa kowace da ƙarfi don Baba ya ji. Can sai kiɗan wasanni ya taso. Barira ta ɗaga hannu. Ta saurara, ta runtse ido, ta gyaɗa kai, ta girgiza kai, ta ce “ash”. Sannan ta kashe rediyo ta miƙa wa Agali, ta gyara ɗankwali.

“Ke, faɗi mana!” in ji Inna daga ƙofa.

“Ya ce filin duk taɓo ne.”

“Barira!” in ji Baba.

Ta tashi ta je kunnen Ammi.

“Biyu da ɗaya. Kun wuce.”

Na zauna daɓas cikin ramin da aka haƙa wa jini. Nan ne gwaggonku ke cewa na yi kuka har da majina. Ƙura ce ta shiga idona, mutum goma suna tsalle a tsakar gida.

Aka yanka ragon, tun da alkawari ya tabbata. Ammi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa har aka gama fiɗa, ya fito idanunsa ja. Ya raba naman da hannunsa, ya ba Habu cinya guda saboda ƙafarsa. Agali ya samu kai, ya tafi yana cewa in haka ƙwallo take to a riƙa yi kullum. Ni ina ta dariya da kowa, ina jin kamar an sauke mini buhun siminti, har na fara gaya wa magina cewa da ma na san dokar, gwada su nake. Sai na hangi jakata a bakin ƙofar ɗaki, a ɗaure, ba wanda ya kwance ta.

Bayan magariba Baba ya kira ni. Inna na zaune gefe, Ammi ma ya jawo kujera ba a gayyace shi ba.

“Ƙwallon can ta fid da su,” in ji Baba. “Kai ba ta fid da kai ba. Sa'ad da ka ce uku, ka san ƙarya kake. Sa'ad da na tambaye ka, ka ƙara.”

“Haka ne, Baba.”

“Malam,” in ji Inna, “wuƙa na sama ya yi magana. Ya san mota na jiransa ya yi magana.”

“Na gani, Hadiza. Ina wurin.”

Ammi bai ji ko ɗaya ba, amma ya ga jaka. Ya buga sanda a ƙasa.

“Ke Malam Isufu, in kin kai yarinyar nan Damagaram, ki nemi wani gida. Rago ya tafi, ita ma ta tafi? Da bango zan yi hira?”

Baba ya dubi jaka, ya dube ni. Na ga gefen gemunsa ya motsa, ban sani ba ko dariya ce yake dannewa.

“Ba zai je Damagaram ba. Amma jakar ba za a kwance ta ba. Ammi, garkarka ta Outoul, lambun nan naka, ba ta neman mai ban ruwa?”

Sai da aka maimaita masa sau biyu. Ya ce tana nema.

“Wata uku. Ba rediyo, ba ƙwallo. Ya yi wa albasa sharhi.”

Na so in faɗi in rungume ƙafarsa. Wata uku a Outoul, tafiyar da ba ta kai awa ba, inda iska ke ƙanshin na'ana'a! Da ya ce shekara ma da na gode. Sai da na kwana biyu a can, bayana ya ƙage da jan ruwa, sannan na gane abin da aka karɓe mini: sauran gasar duka, da kujerata ta kusa da kunnen Ammi. Barira aka ba. An ce sharhinta ba gishiri ba yaji, in an fita ta ce an fita, in an ci ta ce an ci, har magina suka daina zuwa. Da na dawo kuma Ammi bai mayar da ni ba. Ya ce hira da safe tawa ce, amma ranar wasa yana son ya san abin da ya faru.

Ranar Litinin motar dabino ta tashi zuwa Agadas ba ni a ciki, na ƙara shekara goma sha huɗu a Tamanrasset. Ƙungiyar su Ammi kuwa a zagaye na gaba aka fitar da ita, an ci ta gida da waje. Ina Outoul, sai bayan kwana uku na ji, daga bakin direban da ya zo ɗaukar albasa.